Gem ɗin da kuke cewa "kamar gaske" bai taɓa shiga rairayin Gobir ba 🧵

1/ Jama'a, zaren nan yana da ɗan tsawo, ku gyara zama. Kullum samari na gardama a kan wane gem ɗin tuƙi ya fi kama da gaske: BUSSID ne, Truck Simulator Ultimate ne, ko Euro Truck Simulator 2 na masu laftof. Ni dai ra'ayina, in da hanyoyin Sabon Birni da Isa za a auna su, duk ukun ba su ma shiga layi ba.

2/ Kafin masoyan BUSSID su taso mini: ni ma ina bugawa, ina jin daɗinsa. Kamfanin Maleo na Indonesiya ya fitar da shi a 2017, kuma kowa ya san abin da ya sa ya karɓu wurinmu. Yana tashi a ƙaramar waya, ana bugawa ko ba data, kuma kana yi wa motarka fentin da ka ga dama.

3/ Sai ka ga an rangaɗa wa bas rubutun "Sabon Birni – Sakkwato", an zana mata kirari a baya, an ɗora hoto an ce "wallahi kamar gaske". E, fentin kamar gaske. Amma motar da ke ƙarƙashin fentin tana nan yadda anka ƙera ta: sabuwar taya, sitiyari ƙalau, lodi daidai, kwalta sumul.

4/ Gaskiyar tuƙi a ƙasa take, inda taya ke taɓa hanya. Wurin da kowace tayar ƙaramar mota ke taɓawa bai wuce faɗin tafin hannunka ba. Tafin hannu huɗu ke nan. Duk birkinka, duk kwanarka, duk totur ɗinka, ta nan suke bi. In wurin nan ya saki, sitiyarin da ke hannunka ya zama faifai kawai.

5/ Ga abin da mafi yawan masu gem ba su lura da shi ba. In ka murɗa sitiyari a cikin gudu, taya ba ta bin daidai inda ta fuskanta. Robar tana ɗan murɗewa a inda ta taɓa ƙasa, sai a samu 'yar tazara tsakanin inda tayar ke kallo da inda take tafiya. Wannan murɗewar ce ke tura mota cikin kwana.

6/ Kana ƙara murɗawa riƙon yana ƙaruwa, har ya kai ƙololuwa. Daga nan in ka ƙara, riƙon raguwa zai yi. Wato akwai lokacin da ƙara murɗa sitiyari ke sa mota ta ƙi kwana, ta miƙe da kai cikin daji. Yaron da ya koyi tuƙi a waya bai san da wanga wuri ba, don wayar ba ta taɓa kai shi can ba.

7/ Wani farfesa a jami'ar Delft ta ƙasar Holan, Hans Pacejka, shi da abokan aikinsa sunka fitar da lissafin wannan hali na taya a ƙarshen shekarun 1980. Kamfanonin mota na amfani da shi, masu haɗa gem ɗin tsere da yawa ma sun gina a kansa. Lissafi ne mai kyau ƙwarai. Sai dai a kan hanya mai tauri anka auna shi.

8/ Mu kuwa hanya mai tauri rabin labarinmu ce. Ka taso daga Sakkwato ka bi ta Goronyo zuwa Sabon Birni, ko ka ratse daga Marnona ta Gundumi zuwa Isa. Sannan ka sauka daga babbar hanya ka nufi ƙauyukan wajen Gatawa, Tsamaye, Kurawa, ko Bafarawa da Turba. A tafiya guda za ka taka kwalta, ka taka burji, ka shiga rairayi, in damina ce ka gama da lakar fadama.

9/ Kowanne da dokarsa. Kuma inda ake mutuwa sau da yawa shi ne wurin da ɗaya ta ƙare ɗayar ta fara, kai kuma kana riƙe da gudun da ka taso da shi.

10/ Mu fara da rairayi, don shi ne namu. A kan kwalta taya ce ke lotsewa, ƙasa na tsaye. A rairayi ƙasar ce ke lotsewa. Taya na nutsewa, tana tara tudun yashi a gabanta, kullum tana ƙoƙarin hawa tudun da ita da kanta ta tara. Shi ya sa kake jin inji na nishi alhali hanyar shimfiɗe take.

11/ Ka murɗa sitiyari da yawa a nan, tayoyin gaba su koma garma. Suna ture yashi, motar na ci gaba da miƙewa, gudu na mutuwa. Ka ji tsoro ka danna birki, gaba ya duƙa ya binne kansa. Ka ga ta tsaya ka ba ta wuta, tayar ta haƙa wa kanta rami har cikin motar ya zauna a ƙasa. Fasinja, a sauka a tura.

12/ Tsohon direba bai yin ko ɗaya cikin ukun nan. Tun kafin ya shiga ya zaɓi giyarsa, ba zai canza a tsakiya ba. Ya sa tayoyi cikin sawun waɗanda sunka riga shi, ya riƙe totur daidai, ya bar sitiyarin na ɗan rawa a hannunsa ba tare da ya yi kokawa da shi ba. In rairayin mai zurfi ne, ya tsaya tun a tauri ya rage iskar tayoyi.

13/ Rage iskar na tsawaita wurin da taya ke taɓa ƙasa, nauyi ya bazu, ta daina nutsewa sosai. Amma da ka dawo kwalta dole ka nemi mai faci ya mayar maka da iskar, in ba haka ba tayar ta yi zafi a gudu ta fashe. Ku nuna mini gem ɗin bas na waya guda ɗaya da ya san wannan cinikin.

14/ Abin dariya, lissafin da ya dace da rairayinmu na masu zuwa duniyar wata ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Folan, Mieczysław Bekker, ya fitar da littafi a 1956 kan yadda taya ke tafiya a ƙasa mai laushi. Daga baya yana cikin waɗanda sunka yi aikin motar da 'yan sama jannatin Amurka sunka tuƙa a kan wata, tun daga Apollo 15 a 1971.

15/ Wato matsalar direban kanta da ya maƙale a ƙetaren gulbi ta fi kusa da matsalar motar wata a kan ta direban tirela a babban titin Jamus 😂

16/ Sai gargada. Duk wanda ya bi hanyar burji ya san ta: ƙananan kunyoyi jere a gicciye, kamar an yi wa hanya tsaga. A hankali ka bi, haƙoranka su yi ta karo. Ka ƙara gudu, sai ka ji ta lafa, mota ta yi kamar tana shawagi. Direbobi da yawa na son wannan gudun.

17/ Tarkon yana nan. Ta lafa ne don tayoyin sun koma taka kan kunyoyin kawai, wani ɓangare na lokacin a iska suke. Taya a iska ba ta birki, ba ta kwana. In shokozoba ta riga ta mutu, abin ya ninka. Sai akuya ta gitta, ka taɓa birki, bayan motar ya zagayo ya gaishe ka.

18/ A gem ɗin waya, "mummunar hanya" na nufin an canza launin ƙasa zuwa ja, an sa kyamara ta yi ta girgiza, wataƙila an rage maka gudu. Ka taka birki, ta tsaya cak kamar kullum.

19/ Bari mu ɗan yi lissafi, ba mai wuya ba ne. Gudun kilomita 100 a awa, kusan mita 28 ke nan kowace daƙiƙa. A busasshiyar kwalta da taya mai kyau, daga taka birki zuwa tsayawa kana buƙatar wajen mita 56. In riƙon ƙasa ya ragu da rabi, kamar a sakakkiyar tsakuwa, nisan ya koma wajen mita 112. Ya fi tsawon filin ƙwallo.

20/ Ban ma sa daƙiƙar da kake ɗauka kafin ƙafarka ta kai kan birki ba, wadda ita ma mita 28 ce. Kuma in ka ninka gudu, nisan tsayawa ninkuwa huɗu yake yi. Haka ma ƙarfin da ke tura ka waje a kwana.

21/ Damina kuma nata daban. Ruwan farko a kan kwalta ya fi na tsakiyar Agusta santsi, don yana haɗuwa da ƙurar rani da man da motoci sunka zubar. Lakar fadamar Rima kuwa cika zanen taya take yi har tayar ta koma sumul kamar tulu. Kana murɗawa hagu, mota na zamewa inda gangare ya ga dama.

22/ To yanzu mu zo ga babban abin da babu shi a gem ɗinku kwata-kwata: lodi irin namu.

23/ Ku tuna Golf ko Sharon ranar kasuwar Shinkafi. But a buɗe, an ɗaure buhuna sun zarce bayan mota, an ɗora wasu a sama, mutane a matse ciki. Bayan ya zauna har yana kusa da shafar ƙasa, gaba ya ɗaga, da dare fitilu na haska rassan itace.

24/ Motocin nan da tayoyin gaba suke ja, da su suke kwana, kuma su ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. Nauyin da ka rataya a bayan tayoyin baya yana ɗaga gaban ne kamar sikeli. Ka rage wa tayoyin da ke maka dukan aiki nauyin da suke riƙe ƙasa da shi. Shi ya sa sitiyarin ke yin sakayau, mota na yawo a hanya, direba na ta gyara ta ba hutawa.

25/ Lodin sama kuma wata masifar ce. Akwai lissafi mai sauƙi na kifewa: faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninki biyu na tsayin tsakiyar nauyin mota. Misali faɗi mita 1.5, tsakiyar nauyi a mita 0.6, ka samu 1.25. Ka jibga kaya a sama ta koma mita 1, ka samu 0.75.

26/ Riƙon busasshiyar kwalta yana wajen 0.7 zuwa 0.8. Ma'ana motar farko in ta sha kwana da gudu zamewa za ta yi, wataƙila ka ceto ta. Ta biyu kuwa tana iya kifewa tun taya ba ta zame ba. Mota ɗaya, direba ɗaya, kwana ɗaya. Buhunan albasa ne kawai sunka canza hukuncin.

27/ Ka ƙara da kayan da ke motsi: shanu a bayan babbar mota, ko tankar da ba a cika ba, ruwan ciki na bugun gefe bayan ka riga ka gama murɗawa. A gem ɗin waya lodi lamba ce kawai da ke sa mota nauyin tashi.

28/ Ga kuma lafiyar motar. A gem, ka taɓa sitiyari kaɗan taya ta amsa nan take. A tasha akwai motar da za ka juya sitiyarinta faɗin yatsu huɗu kafin taya ta san kana magana, don tayarod da boljoyin sun yi sako-sako. Akwai mai ja gefe guda in an taka birki. Direbanta ya san halinta kamar yadda mahayi ya san dokinsa, baƙo kuwa kwana ɗaya ta ishe shi.

29/ Af, tunda mun zo kan taya: ku duba gefenta, akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar gwanjo na iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta tsufa ta bushe. Zafin watan Afrilu na Gobir kuma ba ya yi wa tsohuwar roba uzuri.

30/ Wani zai ce to ai sai a sa duk wannan a gem. Ko an sa, saura matsala guda: ta ina za ka ji? Direba da hannu da mazauni yake tuƙi kafin ido. In tayoyin gaba sun kusa sakin ƙasa, sitiyari na yin sauƙi a hannu, kamar ya mutu. In baya ya fara zamewa, jikinka ke fara sani tun idonka bai gani ba.

31/ Gilashin waya ba ya ja da hannunka. Don haka masu haɗa gem ke ɓoye maka mataimaka: kana ƙara gudu suna rage iyakar yadda taya za ta juya, ka saki su daidaita ta, ta so kifewa su danne ta. Ba yaudara ba ce, in ba su yi haka ba babu mai iya wasan da babban yatsa. Amma ka sani ba kai kaɗai ke tuƙin ba.

32/ Sitiyarin gem irin Logitech G29 yana juyawa digiri 900, wato zagaye biyu da rabi, kuma yana da injin da ke mayar maka da martanin hanya a hannu. Wannan ya fi waya nesa ba kusa ba. Mu nawa ne ke da shi tsakanin Isa da Sabon Birni, ga kuɗinsa, ga kwamfutar da za ta ɗauka, ga wuta? Kuma ko shi, kujerarka ba ta motsi.

33/ Na san hujjar da za a kawo. Jann Mardenborough, ɗan Birtaniya, ya ci gasar GT Academy a 2011 daga buga Gran Turismo, ya zama direban tsere na gaske, har anka yi fim a kansa a 2023. Max Verstappen ma na buga tsere a kwamfuta. Duk gaskiya ne.

34/ Amma ku duba me sunka koya. Filin tsere da anka auna kowace kwana tasa, mota mai cikakkiyar lafiya, ba jaki, ba amalanke, ba mai tahowa ta gabanka. Kuma Mardenborough sai da anka kai shi horo na watanni a motar gaske kafin a sake shi cikin tsere. Ba daga kan kujerar ɗakinsu ya zarce ba.

35/ Ban ce ba a ƙaruwa da komai ba. Euro Truck Simulator 2, wanda SCS Software na birnin Prag sunka fitar a 2012, yana koya ribas da tirela yadda ya kamata: ka juya nan, bayan ya tafi can. Yana koya duba madubi, da buɗe kwana don tayoyin baya na yanke hanya. Yana koya haƙuri. Yaron motar da ya ƙware a nan zai fi saurin ganewa a tasha.

36/ Masu shi, ku shiga saiti ku rage ƙarfin birki, ku rage abin da ke daidaita mota da tirela, ku sassauta sifirin. Ku sha shataletale da gudun da kunka saba. Za ku ga abin da anka daɗe ana ɓoye muku.

37/ In ana maganar wanda ya fi kusa da mu, ni na ba dangin MudRunner na 2017 da SnowRunner na 2020. Can ƙasa na lotsewa, sawu na zama, taya na haƙa rami in ka matsa mata, lodin sama na kifar da kai a gangare. Expeditions na 2024 har rage iskar taya ya kawo. Rauninsu shi ne kan kwalta da gudu, nan motocin ba su da kan gado.

38/ BeamNG.drive kuma, na wani kamfani a Bremen ta Jamus, shi ne gwanin jikin mota. An gina kowace mota da ɗigo-ɗigo da sanduna masu lanƙwasa, ana lissafa motsinsu sau 2000 a daƙiƙa. Ka faɗa rami da gudu, ƙarfen sitiyari ya lanƙwashe, motar ta koma ja gefe har ƙarshen tafiya. Wannan kam ya san ramukanmu. Sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi.

39/ Gem ɗin tseren daji irin Dirt Rally 2.0 na 2019 sun iya tsakuwa, har hanyar na lalacewa in motoci da yawa sun riga ka bi. Amma motar tsere ce mai mutum biyu da keji na ƙarfe. Ba wanda ya ɗaura mata buhu shida a but.

40/ Babur fa? Nan abin ya fi damuna, don kafin saurayin Gobir ya taɓa sitiyari ya daɗe da hawa Boxer. A gudu, babur ba ya kwana don ka juya kansa inda za ka. Ɗan tura hannun dama gaba kake yi, ya kwanta dama, sannan ya sha kwanar. Duk ɗan kabu-kabu na yin haka ko bai taɓa lura ba.

41/ A rairayi kuma ka ja jiki baya don gaba ya yi sauƙi, ka riƙe wuta, ka bar kan babur ya yi 'yar rawarsa. Ka damƙi birkin gaba, ka sha ƙasa. Ka goya mutum biyu da buhu a kan tanki, lissafin ya sake canzawa.

42/ Shi kuwa Traffic Rider da ke cikin wayar kusan kowane yaro me yake koyarwa? Ka wuce kilomita 100, ka shafi jikin mota wajen wuce ta, a ƙara maka maki. Ka bi hannun masu tahowa, a ƙara maka. Ka yi karo, ka danna ka sake farawa. Gem ne, na yarda, ba makaranta ba. Amma hannu na koyon abin da ake saka masa a kai.

43/ Ga wurin da halin gem ke kashewa kai tsaye: bakin kwalta. Inda ruwa ya cinye gefen hanya, akwai gaɓa tsakanin kwalta da ƙasa. Babbar mota ta matse ka, tayoyin damanka sun faɗa ƙasa. Hannun da ya saba da waya fizgowa zai yi nan take.

44/ Tayar na gogar gaɓar ta ƙi hawa, ka ƙara murɗawa, sai ta hau gaba ɗaya da sitiyari a murɗe. Motar ta tsallaka hannun masu tahowa, ko ka sake fizgowa ta juya gicciye, tayoyi su caki rairayin gefe ta wuntsila. Abin yi shi ne ka riƙe ta miƙe, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka bar gudu ya sauka, sannan ka hau a hankali.

45/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ke da kaso mafi muni in an auna da yawan jama'a. Shekarun nan na masu karanta zaren nan ne.

46/ Akwai kuma abin da ya sa namu ya fi na kowa tsanani, kun san shi. A Disambar 2021, kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa, wajen Gidan Bawa, 'yan bindiga sunka ƙone mota da fasinjoji a ciki, mutum fiye da 20 sunka rasu. Allah Ya jiƙan su, Ya kawo mana ƙarshen abin nan.

47/ Na kawo shi ne don yana shiga cikin tuƙin kansa. Direba a wasu wuraren bai da damar zaɓar gudu gwargwadon riƙon hanya. Ya san ya kamata ya rage saboda rami, ya kuma san wurin ba na ragewa ba ne. Sai ya bi gargada da lodi a gudun da ke gab da iyakar taya. A irin wannan hali kuskuren yatsa biyu a sitiyari ya isa.

48/ Kuma don Allah, masu haɗa mod, kada wani ya ce zai sa shingen 'yan bindiga a taswira wai don "gaskiya". Akwai masu buga gem ɗin nan da sunka binne 'yan uwansu. Wannan ba abin tara maki ba ne.

49/ Abin da nake so daga gare ku daban ne. Kun nuna kun iya fenti, kun iya ƙera jikin mota. Ga ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Godot kyauta ne. BeamNG na da wurin gina taswira a cikinsa. Wayar da ke aljihunku na da na'urar auna girgiza, ku aza ta a ƙasan mota a hanyar da ke da aminci, ta ɗauko muku gargada da lambobi.

50/ Ilimin da ya rage kuma yana tasha, a kan benci, wurin dattawan da sunka shekara talatin suna bin hanyoyin nan. Ku gaishe su, ku saya musu shayi, ku tambaya: Baba, in bayan mota ya yi nauyi me kake ji a hannu? Wace giya kake shiga rairayi da ita? Ta yaya kake gane laka mai ɗaukar mota da mai haɗiye ta tun daga nesa? Ba a rubuta wannan ko'ina ba, kuma masu shi tsufa suke yi.

51/ Ba sai kun gina Sakkwato zuwa Isa ba. Kilomita 2 ta isa: kwalta mai cinyayyen baki, ta faɗa burji mai gargada, kwana ɗaya, sai rairayi, sai kwalbati. Mota guda, tsohuwar Golf, da wurin da mai wasa zai zaɓi buhu nawa a but, nawa a sama, iska nawa a taya. Girafik ko na kwali ne ba komai.

52/ In kun gama, kada ku fara kawo mana nan mu yaba. Ku kai tasha ku miƙa wa direban layin Isa. In ya sha kwanar farko ya ce "wannan but ɗin ba kaya ciki", ku koma ku ƙara nauyi a bayan tayoyin baya, ku sake kawo masa.